Ranar da aka yi garkuwa da rezo a hanyar Geskeru

Mun tashi daga tashar Diffa bayan sallar asuba. Ba mu ma kai shingen sojoji na farko ba na duba waya na ga babu rezo, ba sabis ko sanda ɗaya. Na kashe na kunna, na cire pus, wato ɗan katin layin waya, na goga a bakin mayafi na mayar, shiru. Matar da ke kusa da ni, mai buhun albasa tsakanin ƙafafu, ita ma tana ta ɗaga tata sama. Muka dubi juna. Duk wanda ya girma a nan ya san abin da ɗaukewar rezo da sassafe ke nufi: ko dai sojoji za su shiga wani wuri, ko mutanen daji sun ƙone antena.

Wani ƙauye kusa da Geskeru za ni, in kai wa kakata maganin hawan jini. Motar kasuwa ce, mu da kaya duk a baya ɗaya. Direba ya ƙara kuɗin mota ya ce esansi, wato man fetur, ya yi tsada, wani tsoho ya ce masa ai ko ruwan sama aka yi esansi zai ɗora wa laifi. Aka yi dariya kaɗan, irin wadda ba ta kai ciki. A kowane shinge sai mu sauka, mu nuna katin dantite na shaidar ɗan ƙasa, mu tako da ƙafa mu tarar da mota a gaba. Na lura sojojin ma suna ta latsa wayoyinsu suna tsaki. Wannan ya fi komai ba ni tsoro, don in su ne suka yanke da ba su yi mamaki ba.

Da muka bar kwalta muka shiga rairayi, sai ga tattasai an shanya ko'ina, ja wur, har ido na yaji. Kogin Komadugu a cike yake, ana hango itatuwan Najeriya a tsallake kamar ka miƙa hannu. A wata ƴar kasuwa muka tsaya na sayi banda da ƙosai. Kifin ya yi daɗi, na sani, amma ban ji ɗanɗanonsa ba. Mai sayar da kiredin waya yana zaune ƙarƙashin lemarsa ya rungume hannu, ba mai saye.

Na iso kafin azahar. Kaka ta yi ta washe baki tana shafa kaina, ta ce na rame. Da la'asar kawuna ya fito da rediyo ƙofar gida, maza suka kewaye shi, mu mata muna daga bayan zana muna tsinke tattasai. A nan aka faɗa. Mai labarai ya ce wasu sun kutsa cikin na'urorin kamfanin waya sun kulle komai, sun yi garkuwa da bayanansa, suna neman kuɗin fansa. Ya ce ana fargabar sun kwashe sunayen masu layi da lambobin da kowa ke kira.

A garinmu kalmar fansa fuska ɗaya gare ta. Kawu ya ce ba sai an yi dogon tunani ba, wa ke ɗaukar abu ya ce a fanso in ba mutanen daji ba? Wani maƙwabci ya tambaya mutum nawa suka ɗauki ordinatar ɗin, wato kwamfutar kamfanin, kuma a wane tsibiri suka ɗaure shi. Aka kwashe da dariya. Sai kawu ya ce, cikin sanyin murya, “Ku yi dariya. Yanzu sun san wa ke kiran wa.” Dariyar ta mutu. Kowa ya tuna da wani mai injin ban ruwa na ƙauyen gaba, wanda aka zo aka tafi da shi bara don an ce yana kiran sojoji. An ce kawai. Har yau ba a gan shi ba.

To, ga abin da ban faɗa wa kowa a gidan ba. Wata bakwai ke nan ina magana da wani soja, ɗan yamma da aka turo Diffa. Ba abin kunya ba ne, ya ce in ya samu hutu magabatansa za su zo. Amma kullum sai mun yi waya, safe da yamma, da lambar nan tawa. Idan an tafi da mutum a kan an ce, ni da nawa yake a rubuce, rana da awa, me za a yi mini? Kuma ga ni na kawo kaina bakin kogi, gidan da kowa ya san jikar wace ce ni.

Washegari na bi matan gida wanki. Na cire pus na riƙe a tafin hannu, ina so in jefa shi ruwa. Sai na tuna abin da aka koya mana a kolej, a ajin da malami ya zana mana ordinatar a allo don babu na gaske: abin ba a cikin pus yake ba, yana can wurin kamfani. Ko na haɗiye shi ba abin da zai goge. Na mayar da shi. Duk kwalekwalen da ya taso daga tsallake sai na ƙirga mutanen ciki. Kaka ta ga na kasa cin tuwo, ta ce ko zazzaɓi ne, ta sa aka dafa mini ganye. Na shanye, ɗacinsa ya fi mini sauƙi da in yi mata bayani. Ba hanyar kiran mahaifiyata, ba hanyar kiran sojan, kuma motar komawa sai ranar kasuwa.

Kwana uku na yi. A hanyar dawowa direba ya zo da takarda yana rubuta sunayen fasinja saboda shinge, abin da ake yi kullum. Da ya zo kaina bakina ya ƙi buɗewa, sai da wata dattijuwa ta zungure ni ta ce ko sabuwar amarya ce da ba ta faɗin suna. Ban ga tattasai ba a dawowar nan, ban ga kogi ba. Bayan mota kawai nake dubawa. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne mun ba waya duk abin da muke ɓoye wa iyayenmu, ita kuma ta kai shi ajiya wani ɗaki da ba mu taɓa gani ba, ba mu san mai tsaron ƙofarsa ba.

Ban wuce gida ba, ajans, ofishin kamfanin wayar, na nufa da jakata. Mutane cike, an manna takarda da rubutun hannu ana ba da haƙuri. Rezo ya fara dawowa, yana zuwa yana tafiya. Da layi ya zo kaina na samu wata mata mai tabarau, idonta ya yi ja don gajiya. Na sunkuya na tambaye ta ko mutanen daji ne. Ta ce a'a, ɓarayi ne na nesa, ƙila ba su taɓa jin sunan Diffa ba, kamfani suke so ya biya su. Na ce in bai biya ba fa? Ta ce wani lokaci sukan watsa abin da suka sata, ko su sayar. Na ce su sayar wa wa? Ta dube ni sosai, ta ce in ba ta lambata da katina.

Ta daɗe tana latsawa. Ta dubi katin, ta dubi allon, ta sake duban katin. Ta tambaye ni ina na sayi pus ɗin. Na ce a kasuwa, wurin masu lema, kuma na ba mai sayarwar katina har ya ɗauki hoto. Ta ce ya ɗauka dai, amma bai shigar ba. Da yawansu suna buɗe pus tun kafin mai saye ya zo, da katin wani da ya taɓa ratsawa ta hannunsu, don kada ciniki ya jira rezo.

“Ki kwantar da hankalinki, ƙanwata,” ta ce. “Sunanki ba ya cikin abin da suka ɗauka. Lambar nan ba da sunanki take ba.”

Agogon bango ya nuna sha ɗaya da rabi. Na so in ce alhamdu lillahi, har na buɗe baki. Sai ta juya don ta miƙo mini katina, allon ya ɗan karkato wajena. Hoton wata dattijuwa ne, da zanen Barebari a kumatu da ɗankwali mai duhu, tana kallon gaba kamar an ce mata kada ta motsa. A ƙasa an rubuta ƙauyenta. Na san shi. Mun ratsa ta cikinsa da safen nan, a bakin ruwa yake.

Duk kiran da na yi wa sojan nan wata bakwai, safe da yamma, da sunanta aka rubuta shi.

Mai tabarau ta ce in matsa, akwai mutane a bayana.