Guzurin da Aka Bari a Aljihu

Da safen nan na ɗaga wandon babban ɗana zan jefa cikin wanki, sai na ji wani abu ya yi kacau a aljihu. Ban buƙaci in sa hannu ba, na san ko mene ne. Na nemi bakin famfo na zauna. Wataƙila ka ce ƙarar ɗan gwangwani ce kawai, me ya yi zafi. To bari in gaya maka inda na fara jin ta.

A unguwar Kawo ta Kaduna na tashi, a wani gida mai zaure ɗaya da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Ba mu da nisa da tasha, don tun kafin mu karya kumallo muke jiyo 'yan kamasho suna kiran Zariya da Kano. Baba ma'aikacin gwamnati ne, ofishinsu yana ƙetaren gada, kudu da kogi. Kullum sai ya sa kaftani da hula, ya bi motar haya ya tsallaka, ya dawo bayan la'asar. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Kaka, su kuma Baba da Umma suke ce wa Inna, tana zaune tare da mu a ɗakin da ke kusa da rijiya.

Baba ne ɗan farinta, ita kuwa irin matan zamanin da ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ya durƙusa a ƙofarta da safe, sai ta kawar da kai tana amsa gaisuwa kamar da bango take magana. "Mutumin nan" take ce masa. Hatta maƙwabcinmu da suke suna ɗaya da Baba ya yi asarar sunansa a wurinta, ya koma "mai shago". In tana da saƙo ni ce 'yar aike. Sai ta ce, "Ke sarkin surutu, je ki gaya wa mutumin nan tuwonsa na hucewa," alhali ga shi nan a gindin mangwaro yana jin ta. A ƙuruciyata na ɗauka ba ta ƙaunarsa ne, kuma ba zan ɓoye maka ba, na sha jin haushinta a kan haka.

Shekarar da nake ba ka labari, bazara ta yi tsanani. Mangwaro ya nuna yana faɗowa da kansa, ƙudaje sun cika tsakar gida, hadari ya haɗu da yamma baƙi ƙirin ya watse ba ko ɗigo. Manya suka rage murya. Baba ya koma kara rediyo a kunne, mata a bakin famfo su yi tsit da zarar yaro ya matso. A Kaduna ba a kiran abin da sunansa, sai dai a ce "gari ba lafiya". Mu yara mun san in an faɗi haka za a hana mu zuwa makaranta, shi ke nan iyakar saninmu.

Wata rana bayan azahar Kaka ta kira ni in sa mata zare a allura. Na tarar ta baje tarkace a kan faifai, ga wani gwangwanin alewa mai faɗi da bai wuce tafin hannu ba, ta goge shi da toka har yana ƙyalli. Alluran ta soke su a ƙyalle da zarensu, don ta ce mutumin da hannunsa ke rawa ba ya iya samun kafar allura. Ta zare 'yan tsinkayen ashana, ta yago gefen kwalin da ake ƙyastawa, ta naɗe su a leda ta ƙulle saboda ruwa. Ta sa sabuwar reza da guntun kyandir. Gishiri da sukari ta yi musu ƙulli ƙanana, haka jar kanwa don ciwon ciki, da ƙwayar ciwon kai da ta karɓa wurin Umma. Dabino ne ya cinye mafi yawan wurin. Daga ƙarshe ta cusa auduga a kowane lungu, ta rufe, ta girgiza a kunnenta, ba ta ji komai ba. Ta ce abin da ke ƙara shi ke tona asirin mai ɓuya.

Na tambaye ta na wane ne. Ta ce, "Guzuri nake haɗa wa mutumin nan."

Ni wuri ɗaya na san wannan kalma. A ƙasan adakar Kaka akwai wani ƙunshin farin yadi mai ƙamshin turare, wanda takan fito da shi lokaci-lokaci ta sha masa iska ta mayar. Likkafaninta ne, ta saya ta ajiye da kanta, kuma "guzurina" take ce masa. Sai na fashe da kuka, na ce, "Kaka, Baba mutuwa zai yi?"

Ta make mini baki. "Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Guzuri biyu ne, ke mara wayo. Akwai na wanda ba zai dawo ba, akwai na wanda ake so ya dawo."

A ranar ne ta ba ni labarin da ba ta sake maimaitawa ba. Tana yarinya, a wani gari mai nisa inda kakana ke fatauci, gari ya taɓa lalacewa, ta gudu cikin daji da goyo a baya. Ta ce ba mutane ne suka kusa gamawa da ita ba, ƙaya ce ta karye mata a dunduniya, ba allurar cirewa, ƙafa ta kumbura tana jan ta, goyon yana ta kuka don nono ya ƙafe. Na ce wane ne goyon. Ta yi kunnen uwar shegu da ni, ta miƙo mini gwangwanin in kai.

Baba ya buɗe, ya yi dariya har da ƙyaƙyatawa. Ya ce, "Inna ke nan." Amma ya sa a aljihun kaftaninsa, don bai saba mayar mata da magana ba. Baba mutum ne mai son zaƙi. Ba a yi nisa ba na gan shi a zaure yana ɗaukar dabinon ɗaya bayan ɗaya, ya kuma yago audugar yana sakace kunne. Ya ƙyafta mini ido, ni ma na yi dariya.

Ranar da abin ya faru, Umma ta roƙe shi kada ya fita. Ya ce makullan ofis suna hannunsa, ba zai bar mutane tsaye a ƙofa ba. Da ta matsa, sai ya yarda da abu ɗaya: ya cire kaftani da hula ya rataya a ƙusa, ya sa ƙananan kaya, riga da wando, yadda in ya tsallaka gada ba za a gane shi da ganin farko ba. Yana zaure Kaka ta ce, "Tambayi mutumin nan, guzurinsa na jikinsa?" Ya dafa ƙirji yadda ya saba, ya ce yana nan, ya fita da sauri kada mota ta cika.

Da hantsi tasha ta yi shiru. Tunda na yi wayo ban taɓa jin haka ba, har sai da kunnena ya riƙa yi mini wani iri. Sai ƙarar ƙofofin shaguna ana bugawa, sai gudu, mata na ƙwala wa 'ya'yansu kira. Yayana ya hau mangwaro ya ce hayaƙi ne ta wajen kogi, ba wuri ɗaya ba. Jirgi mai saukar ungulu ya taso daga Mando ya bi ta kanmu ƙasa-ƙasa, kaji suka watse. Wani da ya shigo layinmu a guje ba takalmi ya ce an rufe gada.

Umma ta kasa tsaye ta kasa zaune. Kaka kuwa tana kan buzunta da carbi, ko gezau. In kukan Umma ya yi yawa sai ta ce, "Ki yi shiru, 'yar nan. Da guzurinsa a jikinsa." Ta faɗa da azahar, ta sake faɗa da aka kira la'asar, lokacin da ya saba shigowa.

Don ta sami abin da hannunta zai yi, Umma ta shiga tattara kayan wanki. Ta ciro kaftanin daga ƙusa, ta fito da shi tsakar gida, ta yarfa. Kacau. Muka dubi juna ni da ita. Ta rungume rigar a ƙirji, amma aikin gama ya gama.

"Kawo nan," in ji Kaka.

Ta buɗe gwangwanin ta daɗe tana kallon gurbin dabinon. Sai ta miƙe, ba mayafi ba takalmi, matar da ko zaure ba ta leƙawa. Ta fita ƙofar gida, ta fuskanci wajen da hayaƙi ke tashi, ta kira sunan Baba. Sunansa na yanka, da ƙarfi, ta kira ta sake kira har muryarta ta dishe. Mai shago ya leƙo daga bayan ƙofarsa a firgice ya ce, "Na'am, Inna?" Da ya gane ba shi ake nufi ba, sai ya sunkuyar da kai. A ranar na ji tsoro na gaske, don na san Kaka ta fid da rai.

Aka sa dokar hana fita. Kwana ya bi kwana, tuwo yana kwana a tukunya ba mai ci. Sai da aka buɗe gada aka kawo mana Baba a rirriƙe. Wajen tsallake katanga kwalba ta karye masa a dunduniya, ya ɓuya a wani kango shi kaɗai, yana jin ta a ciki, ba abin cirewa, ba abin sawa a baki. Wani abokin aikinsa ɗan can ƙetaren ne ya gano shi, ya lulluɓe shi da zanen matarsa a bayan mota ya fitar da shi. Ƙafar ta riga ta ruɓe daga ciki, kuma da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa.

Da aka zaunar da shi a ƙofarta, Kaka ta juya fuska ga bango. Ta ce, "Ke, gaya wa mutumin nan ya bar guzurinsa." Ba wanda ya faɗa masa abin da ta yi a ƙofar gida, sai bayan an naɗe ta a wancan farin yadin nata, da shekaru, na gaya masa. Ya ce, "Da bakinta?" Na ce da bakinta. Ya tashi ya ɗingisa ya shiga ɗaki, bai fito cin abinci ba.

Yanzu zamani ya juya. Ni ba na kunyar ɗan fari, sunan nawa a bakina yake tun safe har yamma, har ƙawayena na yi mini tsiya. Da zai bi hanyar Abuja neman aiki na haɗa masa gwangwani irin wancan, na cusa auduga da hannuna. Ya yi dariya ya ce, "Umma, ga waya, ga caja, me zan yi da allura?" Dariyar kakansa ce sak, ga son dabino. Da asuba ya canza wando ya tafi.

Tun hantsi nake kiran wayarsa ba ta shiga. An ce akwai wuraren da ba sabis a hanyar, ni ma na sani, na kuma san akwai wuraren da ake tsayar da mota. Ƙanwarsa ta leƙo ɗazu ta ce wa nake ta kira haka. Na buɗe baki in faɗi sunansa, sai na ji ina tsoron in fitar da shi. Na ce mata mutumin nan ne, ya bar guzurinsa.