Tsohuwar da aka sa a littafi

Aikin tura alhazai a keken marasa lafiya wahala ce, ƙafa da baya duk sun tafi. Amma ban taɓa mantawa da ranar da na tura Hajiya Ishata ba, don ranar ba bayana ne ya yi ciwo ba.

Ina aiki a wani funduƙ, wato otal, kusa da Haramin Manzon Allah. Mudirinmu, wato manaja, Bahaushe haifaffen nan, ya ce, "Ya ammi, kai ne mai Faransanci, khuz wannan tsohuwar." Wato in ɗauke ta. 'Yar tsibirin Komoro ce. Faransancina na tashar Maradi ne, amma mun fahimci juna.

Tun a hanya na lura matan ayarinsu ba sa tafiya kusa da ita. Na tambaye ta. Ta ce ita ungozoma ce. Ɗan ƙanwarta da ya yi karatu a Faransa ya rubuta littafin labari, ya sa wata ungozoma mai ɗingishi a ƙauyensu, wai da dare takan zama tsuntsu ta ci kurwar jarirai. Ita kaɗai ce ungozoma mai ɗingishi a ƙauyen.

Ta ce, "Ya ce mini ƙirƙira ce, masu karatu a can irin wannan suke so. Ni ban iya karatu ba, ɗana. Maƙwabtana ma ba su iya ba, labari aka ba su. Tun daga nan ba a sake kirana haihuwa ba."

Rauda za mu, wajen kabarin Manzon Allah. Ga yadda aikin yake: da izini ake shiga, kowa da lokacinsa, kuma namiji iyakarsa ƙofar mata. Sai mace ta karɓi keken. Na roƙi matan ɗaya bayan ɗaya. Wata mai ciki ta ja mayafi ta rufe cikinta. Shugabarsu ta ce, "Malam, ba ka san ta ba."

Na ce, "Ke a littafi kika san ta?"

Ta ce, "Ita ta yanke mini cibi." Ta shige.

Muka tsaya a rana har lokacinsu ya wuce. Tsohuwa ba ta yi kuka ba. Ta kalli koriyar ƙubba ta ce, "Mu koma, ka gaji."

Mai tura keke yakan ɗauka nauyin mutum a jikinsa yake. Ranar na gane akwai nauyin da a zuciya yake.

Washegari na zo da matata ta raka ta, ko a dace. Aka ce motarsu ta wuce Makka da asuba. Na sallami matata, na bi layin maza, na isar wa Manzon Allah sallamar Ishata ungozoma.