Malamar da Ba Ta Taɓa Hawa Mota Ba

Shekarar korona ina karatun digiri na biyu a Doha, muna zaune ɗaki ɗaya a unguwar Al-Sadd da wata 'yar Indiya mai aiki a kantin magani. Addininta Jain, a bakinta na fara jin sunansa. Ba ta cin nama, ba ta cin albasa, kuma kafin rana ta faɗi ta gama cin abincinta.

Wata safiya na ga ɗan littafi a kan gadonta. A bangonsa akwai hoton wata tsohuwa cikin fararen kaya, bakinta rufe da ƙyalle.

Na ce, "Ita ma takunkumin korona ta sa?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ta rasu tun ba a haife ni ba! Malamar kakata ce. Malaman addininmu suna rufe baki ne don kada su cutar da ƙananan halittun da ke cikin iska."

Ashe littafin na waƙoƙin yabo ne da ɗalibanta suka tsara a kan rayuwarta. Na ce sai ta karanta mini. Kullum bayan karin kumallo takan fassara baiti biyu ko uku da Turanci, ni kuma ina mayar da su Hausa a bayan littafin darasina. Yadda malamar ta bar dukiyar gidansu, ta tsige gashin kanta da hannu, ta yi ta yawo gari-gari a ƙafa ba takalmi, tana share wuri kafin ta zauna don kada ta danne tururuwa. Ɗoki ya hana ni haƙuri. Ranar da abokiyar zaman tawa take aikin safe har waya nake mata: "To, malamar ta isa gari na gaba kuwa?"

Lokacin gasar cin kofin duniya da aka yi a Doha, mahaifiyar abokiyar zaman tawa ta samu shigowa da tikitin ƙwallo, ita da ko dokar wasan ba ta sani ba. Da muka ɗauko ta daga filin jirgi, 'yarta ta nuna mata rubutuna. Uwar ta shafa shafin, ta gyara zama, ta fara rera waƙar da ka. Sai ranar na san ashe waƙar tana da karin murya.

Da ta kai ƙarshe ta ce wa 'yarta, "Tambaye ta, su ba su da irin wannan?"

Na ce, "Mama, muna da su mana!"

Na rera mata begen Annabi da mahaifiyata ke yi in tana tankaɗe. Sau uku ta sa na maimaita.