Baturen da ya harbe ni a majigi

Shekarun baya can, tun Turawa suna mulkin ƙasarmu, na baro gida da ƙafa zuwa Makka. Tafiyar wancan zamani sai ka tsaya a hanya ka yi ƙwadago, ka tara guzuri, sannan ka ƙara gaba. A Sudan na daɗe. A nan wasu Turawan Ingila masu shirya fim suka ɗauke mu dakon akwatuna zuwa bakin hamada.

Babbansu a wasan wani dogo ne mai gashin baki, kullum shi ne hafsan soja. Tafinta ya ce mana a dandamalin wasan kwaikwayo ya fara a London, daga baya ya shiga fim yana fitowa a direba ko mai gadi, har ya kai a rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Wata rana suka rasa wanda zai faɗi idan ya yi harbi, sai ya nuna ni. Shi ya koya mini mutuwa da kansa: a dafe ƙirji, a saki gwiwa, kada a ƙifta ido. Ni kuwa da son a yabe ni, na mutu har sau huɗu.

Da aka gama ya sa aka ɗauke mu hoto muna dariya, ƙirjina duk jan fenti. Ya ce wa tafinta, "Gaya masa ya aika wa mahaifiyarsa. Ni duk fim ɗin da zan mutu a ciki sai na faɗa wa tawa tukuna." Na yi dariya. Wa zai ga majigi a ƙauyenmu? Na jefa hoton a ƙasan akwati, na wuce.

Bayan shekara uku ina zaune a unguwar Mansur a Makka, na sauke farali, ina sayar da ruwa a garwa biyu da sanda a kafaɗa. Wasiƙa zuwa gida kuwa kullum gobe zan sa a rubuta.

Ana saura kwanaki a fita Mina, da hantsi, na shiga wani lungu sai ga ƙanena. Yana ganina ya saki ƙullin gurasar da ke hannunsa, ya ja da baya har ya bugi bango, bakinsa yana salati.

"Kai, ni ne fa!"

"Yaya, ai ka mutu," in ji shi. "Da idona na gani."

Wai wani tela ɗan garinmu ne ya fara ganin fim ɗin a gidan sinima a Kano. Ƙanena bai yarda ba, ya tafi ya shiga da kansa, ya ga Bature ya ɗaga bindiga, ya ga na faɗi ido buɗe. Ya sake komawa washegari ko ya yi kuskure, aka sake harbe ni a gabansa. Aka yi zaman makoki, aka yi sadaka. Yanzu ya zo ne ya yi mini Hajjin da suke zaton ban kai ga yi ba.

Na fara dariya, sai ya ce, "Tare da Inna muka zo."

Na daina dariya. Ya ce jirgin ruwa ya wahalar da ita, tun daga Jidda take kwance, numfashi da kyar, idonta ma ya yi rauni. Na tashi zan ruga, ya riƙe mini riga.

Hajiyar da suka sauka a gidanta haifaffiyar Makka ce, rabin zancenta Larabci. Ta tsayar da ni a zaure. "La, la, ya waladi, isbir, yi haƙuri ɗana. Zuciyar tsohuwar nan kamar zare take. Ta gan ka kwatsam, wallahi kalas, kai ka kashe ta. Shwayya shwayya, sannu a hankali za mu gaya mata."

Aka shirya yau a ce mata ana shakkar labarin, gobe a ce wani ya ga mai kama da ni. Ni dai na roƙa a bar ni in riƙa kawo ruwa, na naɗe fuska da rawani, ba magana.

Ranar farko na gan ta kan tabarma, ta zama kamar rabinta. Na shiga juye ruwa a randa. Na ji ƙanena yana cewa, "Inna, an ce abin majigi ba duka ne gaskiya ba." Ta ce, "Kada ka tayar mini da abin da na riga na bar wa Allah." Na fita na jingina da bango ina kuka kamar yaro.

Rana ta biyu na juye garwa a randa, na juya zan fita, sai na ji muryarta.

"Mai ruwa."

Na tsaya. Hajiya tana yi mini alama da hannu in wuce.

"Mai ruwan nan yana jan ƙafar hagu. Matso."

Na durƙusa a gabanta. Ta kama hannuna, ta lalubi babban yatsa inda lauje ya taɓa yanka ni. Numfashinta ya ɗauke. Ƙanena ya yi kanta, Hajiya ta ɗauko ruwan Zamzam tana yayyafa mata. Na rantse a wannan lokacin na ce shi ke nan, na kashe uwata saboda wasan Bature.

Sai ta ja dogon numfashi. Ta cusa hannu cikin rigata tana shafa ƙirjina, tana neman ramin harsashi. Da ba ta samu ba, ta kira sunana. Ni ɗan fari ne, tun da aka haife ni ba ta taɓa faɗin sunan nan ba saboda kunya.

Da ta samu sauƙi na rufe ƙofa na ciro hoton, don a Makka ta lokacin ba a yawo da hoto. Ta kai shi dab da idonta, na ba ta labari duka, har da shawarar da Baturen ya ba ni.

"Shi yana gaya wa uwarsa?"

"Yana gaya mata, Inna."

"To wanda ya harbe ka ya fi ka hankali."

Ta yi Hajjinta a kan kafaɗunmu, ni da ƙanena. Shi kuma Hajjin da ya zo yi mini ya koma nasa, har ya tsufa yana kirana marigayi.

Na ji Baturen ya ci gaba da fitowa a finafinai har ya yi furfura. Ban taɓa ganin ko ɗaya ba, har wanda na mutu a ciki. Na daɗe ina ɗora masa laifi, alhali shi ya faɗa mini abin da zan yi, ni na ƙi. Yanzu ko Jidda zan je sai na faɗa a gida. Inna ta rayu shekaru bayan haka, amma ba ta sake kiran sunana ba. Sau ɗayan nan ne, kuma har yau ina jin sa a kunnena.