Gajeren Bututun Yaya Idi

Bana shekara tara ke nan da muka binne yayana Idi, mai gyaran tabarau a Zangon Kwatano. A gaban jama'a na ci masa mutunci, don haka a gaban jama'a zan faɗi abin da ya faru.

Shekara biyu ya yi yana guga wani kakkauran gilashi da hannu, yana so ya zama madubi mai lotsawa da za a sa a gindin bututu don hango jinjirin wata. Wani malamin jami'a a Kalabi ya faɗa masa gaskiya. Dogon bututu madubinsa ba wuyar guga, hotonsa kuma tas. Gajere sai an zurfafa madubin, kuma saitinsa ya kauce ko da silin gashi ne, komai ya dagule. Idi dogon bututu ya so. Ni na hana, don ni ke da zem, wato babur ɗin haya, da zai ɗauke shi, na ce ba zan goya sandar rake a titi ba. Ya gajarta.

Ranar duban watan azumi na kai shi da bututunsa bakin teku, bayan unguwar Kajehun. Liman ya leƙa, bai ga komai ba sai fari-fari. Wani tsoho mai goro ya nuna watan da yatsa, da idonsa kawai. Aka kwashe da dariya. Idi ya juyo yana neman idona. Na ce, "Yaya, kai shi gida, ko kaji sa samu akurki." Naka shi ke ba da kai. Sai da bango ya tsage sauran suka samu bakin magana, kuma ba su daina ba har ya kwanta ciwon ajali.

Yanzu a Zango ba mai ɗaga kai sama, kowa waya yake dubawa ya ji ko an ga wata.

Bayan arba'in ɗin Idi malamin jami'ar nan ya zo ya gwada madubin. Ya ce lafiyarsa lau, ramukan hanya ne suka kautar da saitin a bayan zem ɗina. Idi ya tafi yana zaton hannunsa ne ya gaza. Madubin na nan a ɗakina, aikinsa daidai. Mutanen Zango kuwa maganata suka riƙe, har yau da ita suke tsokanar 'ya'yansa.