Ranar da Zuliha Ta Ari Kujeru

Duk shekara idan ɗalibaina suka fara neman tallafin karatu, labarin Zuliha nake fara ba su, kuma ban taɓa kai ƙarshensa raina bai ɓaci ba.

Zuliha maƙwabciyata ce a Kura. Sana'arta turara shinkafa. 'Yan kasuwa su kawo mata shanshera, shinkafar da ba a casa ba, buhu-buhu, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, su zo su kwashe zuwa inji. Ko ƙwaya ɗaya ba tata ba ce. Tun da mijinta ya rasu, mai gonar da yake haya a bakin kanal ɗin ban-ruwa ya karɓe abarsa, da wannan wutar take ciyar da yara. Hayaƙi ya gama da idonta, amma tambaye ta ya gida, sai ta ce, "Alhamdu lillahi, asiri a rufe."

'Yarta Muhsina a ajina take. Yarinya mai kai! Ta ci jarrabawar shiga jami'a za ta karanta aikin jinya, kuɗin makaranta kuwa babu su babu dalilinsu. Na samo mata wata gidauniya mai ɗaukar nauyin 'ya'yan marasa ƙarfi. Ta ci gwajinsu, saura abu ɗaya: za su turo mutane su ga gidan da idonsu.

Na ce wa Zuliha, "Yaya, don girman Allah ki bar gidan nan yadda yake." Ta ce, "To, Malama."

Ranar da za su zo na leƙa, sai na ɗauka ɓatan kai na yi. Kujerun kushin na gidan Alhaji Baballe ne a ɗaki, ga kafet, ga firijin Maman Beauty a jingine a bangon da ko wayar lantarki babu. Muhsina an cusa ta cikin leshin aro har da sarƙa. Kajin da Zuliha take kiwo don sallah suna cikin tukunya. Unguwa ce ta taru ta fitar da ita kunya, yadda muke yi wa kowa idan zai yi manyan baƙi.

Na ce, "Yaya, me zan gani haka?"

Ta ce, "Haba Malama, mutane su taso tun daga birni, in zaunar da su a tabarmar shanya?"

Baƙin suka iso, mace da namiji. Suka zauna, suka ci kaza suka yi nak. Namijin ya nuna buhunan da ke jibge a tsakar gida ya ce, "Hajiya, harka tana tafiya ke nan." Zuliha ta ce, "Mun gode Allah, bana an samu." Matar ta tambaye ta ko akwai abin da ya fi ƙarfinta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "A'a, asiri a rufe." Na buɗe baki, Zuliha ta take min ƙafa.

Na bi su har mota na faɗa musu komai na aro ne, shinkafar ma ta mutane ce. Namijin ya yi 'yar dariya ya ce, "Malama, ko'ina haka ake ce mana. Mu abin da muka gani za mu faɗa." Yana maganar ana saka masa kwandon tumatirin da Zuliha ta ba su tsaraba a bayan mota.

Abin da suka gani! Wai masu duba talaka ke nan. Babu wanda ya buɗe firijin nan ya ga wayam yake. Babu wanda ya kalli hannun matar da ta zuba musu abinci, duk tabon ƙuna. Wallahi sun ba ni haushi, kuma mu ma mun ba ni haushi.

Shi ya sa nake ce wa yarana: ranar da masu tallafi za su zo, ba ranar fita kunya ba ce. In babu, ku ce babu. Ku ja iyayenku gefe ku roƙe su, kada a ari ko cokali.

Amsa ta zo, wai gidan su Muhsina ba ya cikin mabuƙata. Na je faɗa musu na tarar da yarinyar a gindin tukunya tana iza wuta, idonta ya yi ja. Zuliha ta saurare ni har na gama. Can ta matso kusa, ta rage murya don kada 'yar ta ji.

Ta ce, "Malama, faɗa min gaskiya. Ko dai abincin ne bai yi musu daɗi ba?"