Kuben Fata a Bayan Kyamarar Attahiru

Attahiru Ɗan'iya ya fara ɗaukar hoto a Tambuwal shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, lokacin da kuɗin fetur ya sa kowane ma'aikaci yana son ya ga kansa a bango da sabon agogo a hannu. Rumfarsa tana bakin tasha, da baƙin ƙyalle a rataye da kujerar ƙarfe guda. Mai neman aiki, maniyyaci, ɗalibin da zai tafi birni, duk sai sun zauna a kujerar nan an ce su ɗaga haɓa.

In ka tambaye shi abin da ya fi so a sana'ar, zai ce mutane. Ba gaskiya ba ne. Kwana bakwai ɗin nan ya fi so, tsakanin ranar da ya ɗauki hoto da ranar da motar Sakkwato za ta dawo da shi a wanke. A cikin makon nan shi kaɗai ne alƙali. Wanda ya yi kyau ya miƙa wa mai shi, wanda ya ɓaci ya yage, ya ce, "An ƙone shi Sakkwato." Shekara talatin masu wankin hoto suna ɗaukar laifin da ba su san da shi ba.

Da ɗansa Sambo, malamin firamare, ya dawo daga aikin hajji, sai ya kawo masa tsarabar kyamarar zamani, wadda ba ta cin fim. Ya zauna ya nuna masa komai: ga batir, a cika shi da wuta kafin fita, ga ɗan kati kamar farce, a cikinsa hotuna suke zama, idon kyamarar kuma ba a goge shi da bakin riga. Sannan ya juya bayanta, ya nuna masa gilashi.

"Baba, nan take kowa shi ga hotonai. Babu jira."

Attahiru ya yi murmushi, ya yi godiya. Ya duba gilashin bai ga komai ba sai inuwa tana motsi, don idonsa ya jima da fara gajiya bai gaya wa kowa ba. A ranar farko wani direba da ya ɗauka hoto ya fizge kyamarar, ya leƙa, ya kwashe da dariya a gaban jama'a.

"Mai hoto, ina kunnena guda? Ko shi ma Sakkwato yat tafi?"

Washegari Attahiru ya kai ta wajen baduku. Aka yi mata kube na jar fata, mai kyau, da ado a gefe, aka bar wa ido da maɓalli kafa, aka ɗinke bayan ruf. Duk wanda ya tambaya sai ya ce zufa da hannun mutane yake kare mata. Aka yi ta yabon yadda yake tattalin kaya. Kwana bakwai ɗinsa ya dawo.

Katin ma ya riƙe shi yadda ya saba riƙe fim. Da an gama aiki sai ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya zare shi, ya naɗe a baƙar takarda, ya sa a gwangwani a gindin randa, wai kada zafi da haske su ɓata shi. Sambo ya ce babu bukata. Attahiru ya ce tun ba a haife shi ba yake wannan aiki.

Ana cikin damina saƙo ya zo daga Kebbe. Saudatu ce, matar marigayi Dikko, amininsa na ƙuruciya. Ta shiga makarantar matan aure bayan rasuwar mijinta, ga shi tana da shekara sittin da 'yan kai ta sauke Alƙur'ani. Ta ce ba ta son kowa ya ɗauke ta hoto ranar walima sai abokin maigidanta.

Ya hau kabu-kabu, kyamara a cikin riga, suna ratsa taɓo har ya isa. Saudatu ta durƙusa a gaban malamarta, allon zayyana a cinya, ta karanta, mata suna share hawaye. Attahiru ya zagaya, ya tsuguna, ya miƙe, kyamara tana ƙyas-ƙyas. Ya ci naman rago, ya ce nan da mako.

Da ya koma gida ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya buɗe ɗan murfin don ya zare katin. Yatsansa ya taɓa rami. Ya tsaya. Ya durƙusa a gindin randa ya buɗe gwangwani, ga kati nan kwance a baƙar takardarsa tun shekaranjiya. Irin kyamarar nan tana ƙara ko da kati ko babu, sai dai ta rubuta gargaɗi a gilashin baya. Ta yi ta rubutawa wuni guda a ƙarƙashin jar fata.

Mako ya wuce, na biyu ya wuce. Aka aiko daga Kebbe, ya ce a ce injin Sakkwato ya lalace. Kalmar ta fito masa da sauƙi, kuma sauƙin ne ya hana shi cin tuwo. Ba wannan ne karo na farko da ya aika irin saƙon nan gidan ba. Shekara goma sha bakwai baya, Dikko ya zo Tambuwal da sabuwar riga don a ɗauke shi. Suna ta hira da dariya, Attahiru bai lura fim bai kama ba. Ya ce an ƙone a Sakkwato, za a sake in Dikko ya dawo kasuwa. Dikko bai dawo ba, zazzaɓi ya ɗauke shi a daminar. 'Ya'yansa ƙanana sun girma ba su san fuskarsa ba.

A mako na uku ya sake hawa kabu-kabu. Ya tarar da Saudatu a zaure tana tsince wake. Suka gaisa, ta tura masa tabarma.

"Malam Attahiru, hannu sake kaz zo?"

"Malama, babu hoto."

"Sun ƙone?"

Ta faɗe shi ba tare da ta ɗago kai ba. Ƙofa ce ta buɗe masa, ya san in ya bi ta ba za ta ce komai ba. Ya dubi waken da ke faifai.

"Ba su ƙone ba. Ni na bar katin gida. Ba a ɗauki komi ba ran nan."

"Ita abar ba ta faɗi maka ba? Jikata ta ce irinsu suna nuna mutum nan take."

"Ta faɗi. Ni nar rufe mata baki." Ya nuna fatar. "Ba ni son a gani. Idona ya tafi, Malama, ba ni ganin abin da nika ɗauka."

Ta ajiye faifan.

"Na Dikko fa?"

Ya kai hannu ga hularsa. "Shi ma ba Sakkwato ba ce."

"Na sani. Shi ma ya sani. Ya ce mini abokina in ya yi ƙarya hularsa yaka gyarawa." Attahiru ya sauke hannunsa daga hula. Ta ci gaba, "Na kira ka ne don in ga ko wannan karon zan samu hoto."

Ya ce a ɗauko allon, a kira malama, a tara matan, shi zai yi komai a sake.

"Sauka guda ta, na yi ta. Ba ni durƙusawa in yi karatun wasa don hoto." Ta miƙa hannu cikin kwando ta ɗauko reza. "Farke wanga abu. Ka ɗauke ni yadda nike."

Ya bi ɗinkin badukun zare-zare har fatar ta faɗo a tabarma. Ya duba katin da yatsa sau biyu. Ya ɗaga, ya danna, sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba a shekara talatin: ya miƙa wa wadda ya ɗauka hotonta kafin shi ya san yadda ya fito.

Saudatu ta kai gilashin kusa da ido, ta nisa.

"Ka sare mini goshi. Sake."

Ya sake.

"Yanzu faifan kaɗ ɗauka. Ɗaga sama kaɗan. A'a, hagu, bawan Allah!"

A na biyar ta ƙura wa gilashin ido. Tsohuwa ce a zaure, wake a gabanta, babu allo, babu malama.

"Wanga ya yi," in ji ta. "Ka wanko huɗu, kowane ɗa guda."

Har yau rumfar tana bakin tasha. In ya ɗauke ka sai ya juya maka bayan kyamara, ya kau da kai yana kallon titi, ya jira abin da za ka ce. Direbobi suna tsokanarsa yadda suka ga dama. Jar fatar kuwa a Kebbe ya baro ta, Saudatu tana rufe bakin tulu da ita.